Samanja Mazan Fama: Rayuwa da Aikin Usman Baba Pategi

Usman Baba Pategi ɗan wasan kwaikwayo ne na rediyo da talabijin da dandali, tsohon soja ne, kuma ɗan sarki. An haife shi ranar 20 ga Mayu, 1942, ya rasu ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81 a duniya. Ba kowa ya san shi da sunansa na yanka ba. Daga Sakkwato har Yola, daga Maraɗi har zangon Kumasi, sunan da ya bi shi shi ne Samanja Mazan Fama, sunan sojan da ya yi shekara da shekaru yana fitowa a matsayinsa. A unguwa irin Shadawanka ta garin Bauchi, inda barikin soja da gidajen farar hula ke maƙwabtaka, inda hedikwatar Birged ta 33 ta sojojin atilare take, labarin wannan mutum labarin gida ne, domin rayuwar da ya kwaikwaya ita ce wadda ake yi a bayan katangar barikin kullum safiya.

Garinsu Pategi yana bakin kogin Kwara, a jihar Kwara ta yanzu, daura da inda kogin Kaduna ke zubowa cikin babban kogin. Ƙasar Nufawa ce, ƙasar masunta da manoman shinkafa, wadda ta yi suna da bikin tseren jiragen ruwa. Mahaifinsa shi ne Etsu Usman Patako, Sarkin Pategi. Ke nan Nufanci ne harshen da ya buɗe baki da shi, Hausa kuwa daga baya ta zo. Yana da kyau a riƙe wannan, domin mutumin da ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan wasan kwaikwayon Hausa ya koyi harshen ne kamar yadda dubban sojojin Nijeriya suka koye shi, da kunne, a cikin cuɗanya da jama'a. Ya yi firamare a Pategi, ya wuce makarantar Midil ta Ilori, sannan ya tafi Kaduna wurin ɗan'uwan iyayensa, Alhaji Audu Bida. A can ya taɓa aiki a siton kayan injina na ma'aikatar ayyuka, kafin ƙafarsa ta kai shi gidan rediyo.

Kaduna ta wancan lokaci ita ce hedikwatar Jihar Arewa. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, mai rediyo da talabijin, wanda jama'a suka taƙaita da Rediyo Kaduna. Muryar gidan tana ratsa iyakoki a gajeren zango, ana kama ta a Nijar da Kamaru da Chadi da Gana. Wasan kwaikwayo ya riga ya sami gindin zama a rediyo tun kafin nan. Shu'aibu Maƙarfi ya yi Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka fara ji a akwatin rediyo kafin su zama littattafan makaranta. Majigi ma tana yawo ƙauye-ƙauye da finafinan faɗakarwa irin su Baban Larai. A ƙarƙashin wannan duka akwai tsohuwar al'ada: 'yan kama masu kwaikwayon malamai, wasan gauta na matan fada da ke kwaikwayon sarki da fadawansa, da tashen yara a watan azumi. Dukansu sun ginu ne a kan dabara guda, wato a ɗauki mai iko ko mai girma, a kwaikwayi tafiyarsa da muryarsa a gaban jama'a, a yi dariya, a kuma gane abin da ake nufi. Usman Baba Pategi ya ɗauko wannan dabara ya sa mata kaki.

A shekarun 1960, lokacin da ƙasa ta rikice har aka kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, rundunar soja ta shiga neman matasa. Ya bar gidan rediyo ya amsa kira. An horar da shi a makarantar sigina da ke Apapa a Legas, wato sashen da ke kula da sadarwa tsakanin rundunoni. Cikin hafsoshin da ya yi aiki ƙarƙashinsu akwai Sani Abacha, da Sani Sami, wanda mutanen Bauchi suka sani a matsayin gwamnan soja na jihar daga 1984 zuwa 1985, kafin daga baya ya zama Sarkin Zuru. Sai a 1985 ya ajiye kaki, ya ba wasan kwaikwayo dukan lokacinsa a gidan rediyon tarayya na Kaduna.

Kafin a fahimci abin da ya sa shirin Samanja ya shiga zukatan mutane, sai an duba halin da yaƙin ya bar ƙasa a ciki. Kafin yaƙi sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama, sun kai wajen 250,000. Barikokin da ake da su ba za su ɗauke su ba, saboda haka da yawa suka zauna haya a cikin gari, gida ɗaya da farar hula, rijiya ɗaya, layin famfo ɗaya. Ga kuma mulki a hannun soja, daga Gowon zuwa Murtala zuwa Obasanjo, sannan bayan 'yan shekarun Shagari, Buhari da Babangida. Talaka yana ganin soja a kasuwa da tasha da shingen hanya, yana jin tsoronsa, amma bai san shi ba. Bai san cewa kurtun da ya daka masa tsawa da rana shi ma yana da wanda ke daka masa tasa tsawar da asuba ba, bai san albashinsa kan ƙare kafin wata ya raba ba, bai san matarsa na jiransa da lissafin cefane ba. A cikin wannan yanayi ne, a shekarun 1970, shirin Samanja Mazan Fama ya ɓullo daga Kaduna, a rediyo da talabijin, ya kuma yi tashensa mafi girma a shekarun 1980.

Zaɓen muƙamin samanja ya nuna cewa mai shirin ya san bariki ciki da bai. Samanja ba hafsa ba ne. Daga kurtu ya taso, ya yi kofur, ya yi saje, ya sha rana a filin fareti kafin ya kai inda yake. Shi ne mahaɗa tsakanin kwamanda da ƙananan sojoji, kuma tarbiyyar bataliya a wuyansa take. Duk wanda ya tashi a Shadawanka ya san hoton. Begila ta busa tun gari bai gama wayewa ba, sojoji sun jeru, sai ga shi ya taho da sandarsa a hammata, ƙirji a gaba, yana bin layi yana duban mutum ɗaya-ɗaya tun daga hula har takalmi. Maɓalli ɗaya da bai shiga ba, ko gemun da reza ta tsallake, ya isa ya sa a ji muryarsa daga ƙarshen fili. An tashi daga fareti kuma aikinsa bai ƙare ba. Shi ne zai zaga kwatas ya ga ko an share lambatu, shi ne za a kai wa ƙarar sojan da ya ci bashi a kasuwar Mami ya ƙi biya, shi ne zai zauna da magajiya, shugabar matan bariki, a sasanta maƙwabtan da suka yi cacar baki a kan igiyar shanya. Yana iya tura mutum gadurum, amma da ya hango ƙaramin laftana, wanda a haife ya haife shi, dole ya ƙame ya sara masa.

A nan ne taskar wasan take. Mutum ne mai iko a kan na ƙasa, mai biyayya ga na sama, wanda kuma idan ya koma gida ya tuɓe hula sai ya tarar da duniyar da ba ta san oda ba. Ɗan wasa mai basira ba zai rasa abin yi da irin wannan mutum ba har abada. Usman Baba Pategi ya iya sauya murya a tsakiyar jimla, daga ruri zuwa ladabi, gwargwadon wanda ya shigo. Ya iya tsayuwar soja ta gaske, ba ta aro ba, saboda an koya masa ita a fili. Abin da ya fi muhimmanci shi ne bai mai da Samanja wawa ba. Samanja yana da zafin kai, yana da cika baki, yana kuskure, amma yana da gaskiya da kishin aikinsa, kuma yaransa na ransa. Da ya mai da shi abin raini, da sojoji sun tsani shirin. Da kuma ya mai da shi gwarzo marar aibu, da farar hula sun kashe akwatinsu. Ya bi ta tsakiya, kuma wannan hanya ta fi kowace wuyar bi.

Sai harshe, wanda shi ne babban makaminsa. Hausa ta daɗe a cikin kaki. Rundunar sojan Nijeriya kanta tana ƙirga asalinta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara 'yan Arewa 18 a Legas, ƙungiyar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga baya, a rundunar da Lugga ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19, Hausa ce harshen da Bature ke magana da soja, da ita aka je yaƙin Bama, da ita Batibi da Bazabarme da Ba'angashe da Babarbare suke fahimtar juna. Daga wannan cakuɗa aka sami Barikanci, Hausar da ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, inda za a ce mace "ya zo", inda ƙa da ka suke zama abu guda, inda kalmomin oda na Turanci suke shigowa a lanƙwashe. Samanja ya ɗauki wannan harshe, wanda masu Hausar gado ke yi wa kallon gurɓatacce, ya mai da shi kayan fasaha. Yakan fara zance da Hausa, ya tsallaka Turancin soja, ya faɗa burokin, ya dawo, duk a numfashi ɗaya. Bakano yana dariyar yadda aka karya masa harshe, sojan da ya fito daga Binuwai ko kudancin Bauchi kuma yana dariya don ya ji muryar kansa da ta abokan aikinsa a rediyon gwamnati. Kowa da abin da ya ba shi dariya, amma tare suke yin ta.

Yadda ake shirya wasannin wancan zamani ma ya taimaka masa. Galibi ba a rubuta kowace kalma. Mai shiri zai kawo ƙashin labari, ya ce ga matsalar yau, ga wanda zai shigo, ga inda za a tsaya. Sauran kuwa 'yan wasa ne za su cika da bakinsu. A gaban makirfo babu kaki, babu sanda, babu zare ido. Murya ce kaɗai za ta nuna wa mai sauraro cewa Samanja ya fusata, ko ya ji kunya, ko ya hango kwamanda. Idan ana son a ji kamar daga nesa yake kira sai ya ja da baya daga makirfo, idan raɗa zai yi sai ya matso har leɓensa ya kusa taɓa shi. Wanda ya ƙware a wannan makaranta, ranar da aka kai shi gaban kyamara ko aka hau da shi dandali a gaban ɗaruruwan mutane, ba ya neman takarda. Bariki ma tana da nata dandalin tun fil azal, wato bikin WASA na ƙarshen shekara, inda sojoji da iyalansu ke fitowa da raye-rayen ƙabilunsu da wasannin barkwanci, inda ake ɗan sassauta dokar girma har ƙarami ya kwaikwayi babba. Samanja ya fitar da ruhin wannan biki daga bariki ya kai shi kowane gida.

Ba Samanja kaɗai ya yi ba. Ya fito a Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, wanda daga baya ya zama Ɗan Iyan Zazzau, sunansa kuma yana haɗe da Duniya Budurwar Wawa. Zamaninsa zamanin gwanaye ne. Ga Ƙasimu Yero na Zariya, mai Karambana, wanda ya fito a Magana Jari Ce ta talabijin, ya kuma zama Uncle Gaga a shirin Cock Crow at Dawn da aka ɗauka a yankin Jos. Ga Ƙarƙuzu na Bodara a Jos, ga Kasagi, wato Umaru Ɗanjuma Katsina, marubucin Kulɓa Na Ɓarna. Ga Umaru Ladan, wanda ya fito a matsayin Shehu Umar a fim ɗin da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowannensu da fagensa. Na Usman Baba Pategi shi ne bariki, kuma babu wanda ya yi takara da shi a can.

Bayan kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1977, tashoshin jihohi suka shiga musayar shirye-shirye, wasu kuma aka ɗora su a kan layin da duk ƙasa ke kallo lokaci guda. Samanja ya sami wannan matsayi a shekarun 1980. Don mutanen Kudu su bi labarin, sai aka rage Hausa aka ƙara burokin. An yi riba, an kuma yi hasara. Ribar ita ce mutumin Ibadan da na Fatakwal sun san Samanja kamar yadda suka san Zebrudaya na shirin New Masquerade daga Inugu, wanda shi ma tsohon soja ne a cikin labari, shi ma da karya Turanci ya yi suna. Hasarar kuwa ita ce wani ɗanɗano na wasa da Hausa, wanda sai mai jin harshen ke kama shi, ya ragu. Waɗanda suka ji shi a Rediyo Kaduna tun farko suna da hujja idan suka ce na Hausar ya fi gishiri.

Wasan barkwanci a kan soja ba baƙon abu ba ne a duniya. Amurka ta yi Saje Bilko a shekarun 1950, Ingila ta yi Dad's Army daga 1968. Bambancin shi ne waɗancan an yi su ne a ƙasashen da farar hula ke mulki. Samanja kuwa ya sa jama'a dariyar mai kaki a lokacin da mai kaki ke riƙe da ƙasa, a kuma tashar gwamnati. A 1977 sojoji suka ƙona gidan Fela a Legas bayan waƙarsa da ta yi musu ba'a. A 1984 Doka ta 4 ta kai 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, gidan yari. Shirin Samanja ya ratsa waɗannan shekaru lafiya, kuma dalilin a fili yake. Ɗan gida ne ke yi, kuma dariyar ta tsaya a kan rayuwar yau da kullum ta ƙananan sojoji, ba ta hau kan masu juyin mulki da masu rabon kujeru ba. Wannan iyaka ce ta gaske, bai kamata a ɓoye ta ba. Amma a cikin iyakar an yi aiki mai amfani. An nuna wa soja cewa cin zalin farar hula abin kunya ne, kuma akwai hukunci a kansa. An nuna wa farar hula cewa soja ɗan wani ne, mijin wata, uban wasu. A garuruwan da ke da bariki, inda 'ya'yan soja da 'ya'yan gari ke zama aji ɗaya, inda ake auratayya, inda mai kayan miya ke ba matar kofur bashi har ƙarshen wata, wannan faɗakarwa ba ƙarama ba ce.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ake yawan ambato. A matsayinsa na ɗan Etsu, yana da haƙƙin neman gadon sarautar Pategi, amma bai nema ba. Sarautar ta je ga ɗan'uwansa, Etsu Ibrahim Chatta, wanda ya riƙe ta har rasuwarsa a 2019. A zamanin da ake yi wa ɗan wasan kwaikwayo kallon marar aikin yi, har wasu iyaye ke hana 'ya'yansu shiga, ɗan sarki ya zaɓi makirfo a kan rawani. Wannan kaɗai ya ɗaga darajar sana'ar a idon mutane da yawa.

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan kasuwar finafinan Hausa ta buɗe, wadda daga baya aka raɗa wa suna Kannywood. Salo ya sauya. Soyayya da waƙa da rawa suka mamaye, kuɗin shiri ya koma hannun 'yan kasuwa, tashoshin gwamnati kuma suka rage kashe kuɗi a kan wasan kwaikwayo. 'Yan wasan barkwanci na sabon zamani, irin su Rabilu Musa Ibro, sun gaji abubuwa da dama daga na farko: ɗan wasa ya riƙe suna ɗaya da hali ɗaya har su zame masa jiki, ya ƙirƙiri zance nan take, ya kwaikwayi harshen wata ƙabila ko wata sana'a. Sai dai na farkon sun yi aikinsu ne a kan albashi da ɗan alawus, ba su ga irin kuɗin da kaset da faifai suka kawo ba. An kuma ɗauki wasanninsu a kan tef mai tsada, wanda tashoshi kan goge su sake ɗaukar wani abu a kai, shi ya sa abin da ke yawo na Samanja a YouTube da Facebook a yau ɗan kaɗan ne daga abin da aka yi. Masana sun lura da darajar aikin tun da wuri. Graham Furniss na Jami'ar Landan ya tattauna shirin a littafinsa na 1996 kan adabi da al'adun Hausa, ana kuma nazarinsa a sassan Hausa na jami'o'in Arewa idan aka zo tarihin wasan kwaikwayo.

Shekarunsa na ƙarshe ya yi su ne a Kaduna cikin iyalinsa, yana fama da rashin lafiya mai tsawo, wadda ta raba shi da dandali. Ya rasu ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023. An yi masa salla a unguwar Kabala Costain, inda gidansa yake, aka kai shi makwancinsa a ranar. Ya bar matan aure da 'ya'ya da jikoki masu yawa.